Muryar Mansur a Lasifikar Mai Magani

Na daɗe ina ɗage rubuta wannan labari, domin duk sanda na zauna sai in ji kamar asirin mamaci zan tona. Abin da na ji da kunnena a kasuwar Masaka kwanan baya shi ya nuna mini shirun ba zai amfani kowa ba. Sunana Saudatu, malamar firamare ce ni. Mijina Mansur, Allah ya jiƙansa, ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya a cikin Abuja, kuma ciwon hanta ne ajalinsa, irin wanda likitoci ke kira na B. In kana da shi, ko wani naka yana da shi, ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ba da ciwo muka gano shi ba. Matar wani abokin aikinsa ce ta haihu ta zubar da jini, aka nemi masu bayarwa, Mansur ya miƙa hannu, shi da ba a raba shi da hidimar mutane. Da aka auna sai aka ja shi gefe, aka ce nasa ba zai yi ba, ya je ya ga likitan hanta. Ya dawo gida yana dariya. Mutumin da ke share kwanon tuwo ya nemi ƙari, shi za a ce wa ba shi da lafiya? Ni ban ga abin dariya ba. Na sa shi gaba da mita har ya gaji ya yanki kati a babban asibiti.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti daga Masaka ba bai san wahala ba. Shekarun nan ne da kuɗi ya shigo gari, ko'ina gini ake yi, kowa ya sayi mota, hanyar shiga Abuja daga wajenmu kuwa ɗaya ce tal. Ana sallame asuba za mu fita, mu tsaya cik a Mararraba, mu isa mu tarar benci ya cika. Layin kati daban, na biya daban, na ɗibar jini daban, kuma duk wanda ka kai gabansa sai a ce ka koma wancan a buga maka hatimi. Gwajin da ake duba yawan cutar a jini kuwa, da aka faɗi kuɗinsa sai da Mansur ya nemi wuri ya zauna. Amma a faɗi gaskiya, wahalar ta biya ranar da muka shiga wajen likitar.

'Yar Binuwai ce, gajeriya mai tabarau. Hausarta irin ta Abuja ce, mace ta koma namiji, namiji ya koma mace, amma ba a taɓa fahimtar da ni abu kamar yadda ta yi ba. Ta tambayi Mansur aikinsa, ya ce a sashen mulki yake, shi da fayil ne safe da yamma.

"To oga, kai za ka gane," ta ce. "Hantarka ƙananan ofisoshi ne ba iyaka. Kowane ofis yana da ɗakin ajiya inda Allah ya sa takardun umarni, a yi wannan, a bar wancan. Wannan cuta in ya shiga ba ya tsayawa bakin ƙofa. Yana wucewa har ɗakin ajiya ya sa nasa takarda a ciki."

Mansur ya ce ai ko a ofishinsu akwai mai lura da baƙuwar takarda.

"A jiki ma akwai. Yana gane baƙon takarda, ya ɗaure shi ya rufe don kada a karanta. Shi ya sa cutar yake ƙera wani ɗan abu, muna ce masa furotin X. Aikinsa shi ne ya kori mai ɗaurewan, ya buɗe takardan, ya sa ma'aikatanka su yi ta karantawa suna buga cutar da injinka. Kuma bai tsaya nan ba, yana taɓa naka umarnin. Wanda ya kamata ya yi shiru ya ɗaga shi, wanda ke cewa a rufe ofis da ya lalace ya danne shi. Daga nan ne wasu ke samun daji."

Na ce, "Dakta, maganin zai fitar da takardar?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "A'a, Madam, ki riƙe wannan da kyau. Magani injin bugawa kawai yake kashewa, takardan yana nan a ɗaki. Wata rana za mu auna jini mu ce ba mu ga komai ba. Ba warkewa ba ne, injin ne a kashe. Ran da ya bar magani injin zai tashi. Kuma hoton da muka ɗauka ya nuna hantarsa ya riga ya yi tabo, ba shi da rarar da zai ɗauki tashin cutar. Ko me aka gaya muku, kada ya bari."

Ta sa aka auna ni da yaranmu, Allah ya tsare ba mu da shi, aka yi mana allurar rigakafi. Ta ce mai yiwuwa tun haihuwa ya samo shi, don haka 'yan ɗakinsu su zo a duba su. Yayansa Lawal, wanda ke tuƙa wani babban mutum a Maitama, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba mai tsikara masa allura yana neman masa abin da babu.

Ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma Mansur ya fi shekara yana sha ba fashi. Matsalar daga wajen karɓa ta fito. Ashe maganin iri ɗaya ne da wanda ake ba masu ƙanjamau, tagogin karɓar ma kusa da juna suke. Wani ɗan ofishinsu ya gan shi a layin, kafin mako ya zagayo magana ta gama hawa da sauka a benen ma'aikata. Wanda suke cin abincin rana kwano ɗaya shekara da shekaru ya fara cewa ya ƙoshi. Mansur mutum ne mai son girmansa. Ya daina ba ni labarin ofis, ya koma ɓare takardar jikin kwalbar kafin ya shigo da ita gida, kuma kullum in ya haɗiye sai ya yi tsaki.

A wannan hali Yaya Lawal ya zo ran wata Lahadi da jarka a but ɗin mota. Wai akwai wani Malam a Tungan Maje, shi ya warkar da surukin ogansa bayan an gaji da kai shi ƙasar waje. Ruwan sassaƙe ne da saiwoyi, baƙi wuluk, ɗacinsa tun daga wari ake jin sa. Na ce a tambayi likita tukuna. Mansur ya ce itace ne kawai, kuma ai ba barin ƙwayar zai yi ba. Ya riƙa haɗa su biyun, kofi da safe, ƙwaya da yamma.

Lokacin gwaji ya zo, sakamako ya fito, ba a ga cutar a jini ba. Na yi hamdala har da hawaye. Amma kafin in share hawayen Yaya ya sa an toya waina an raba sadaka a masallaci, ana ta sa wa Malam albarka.

Na ce wa Mansur, "Abban Ummi, ita fa likitar tun ranar farko ta ce za a yi haka. Ƙwayar ce ta yi aikinta."

Yaya ne ya amsa. "Saudatu, tsakani da Allah. Wata nawa yaron nan yana haɗiyar ƙwayar? Gwajin baya an ce babu? Cewa aka yi ta ragu. Sai da ya sha na Malam aka ce babu. Ke ma fa malama ce, ki yi lissafi."

A ido kam haka abin ya faru. Na san ba haka ba ne, amma ba ni da abin nunawa sai maganar wata mace da ba ta wurin.

Malamin yana da ƙa'ida biyu. Duk wanda ya warke zai koma ya yi godiya, ya faɗi shaida da bakinsa a rakoda. Sannan a ba shi jarka ta ƙarshe, wadda suke kira ta rufewa, ita kuma ba a haɗa ta da maganin asibiti ko kaɗan. Ran Asabar suka tafi su biyu. Mansur ya dawo fuska a sake, rabon da in gan shi haka har na manta, yana ba ni labarin yadda ya yi jawabi kamar mai karanta labarai. Da yamma na kawo ƙwayar da ruwa na ajiye gabansa. Ya tura ta gefe da bayan hannu.

"Na gama da wannan, Saudatu."

Ba irin roƙon da ban yi ba. Na yi kuka, na yi faɗa, na daina magana, na dawo na yi lallashi. Na kira mahaifiyarsa a Zariya, ta ce in bar bawan Allah ya huta, ko so nake ya mutu yana shan magani? Na ɗauki hutun yini na bi layin nan ni kaɗai har na ga likitar. A gabana ta kira shi a waya, ta yi masa magana mai tsawo, ina jin sa yana cewa in sha Allah, in sha Allah. Bai je ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi wuya a rayuwata, alhali a cikinsu ba wanda ya kwanta. Mansur har ƙiba ya yi. Kowace safiya da ya tashi lafiya hujja ce a kaina. Ina zuba masa shayi ina leƙen farin idonsa, har ya gane ya riƙa buɗe mini su da yatsa yana cewa, "Insifekta, a duba da kyau." Yara su yi dariya, ni ma in yi yaƙe. Kwalbar na ɓoye ta cikin akwatina, ban yar ba.

Makon farko na ciwon bai yi kama da komai ba. Gajiya ce, da ƙin abinci. In ina suya sai ya fita tsakar gida, wai warin mai yana tayar masa da zuciya. Ya ce zazzaɓin sauro ne, ya sayo magani a kemis. Ran Juma'a na shiga banɗaki bayansa, na ga fitsarinsa kamar shayi ba madara. Na fito da kwalbar, ya ce in mayar, jarkar rufewa ba a karya mata ƙa'ida.

A mako na biyu idon da nake gadi ya juya. Da farko gefe-gefe, kafin kwana biyu ya zama ruwan ɗorawa har fatar goshinsa. Yaya ya kira Tungan Maje, aka ce masa alama ce mai kyau, dattin ne ke fita, a ƙara kofi. A nan haƙurina ya ƙare. Na sa hijabi na ɗauki makullin mota na tsaya a kansa.

"Abban Ummi, ko ka tashi da ƙafarka, ko in fita in tara maƙwabta su ɗauke ka kowa yana kallo. Ka zaɓa."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Ko kuma shi ma tsoron ya riga ya shige shi, ban sani ba. Ya tashi.

Babu gado. Muka wuni a benci a sashen gaggawa yana jingine da kafaɗata, yana amai a leda, sai bayan la'asar aka sallami wani aka ba mu. Da likitar ta zo na zaci za ta yi faɗa, har ina so ta yi. Ba ta yi ba. Ta ja fatar idonsa ta duba, ta danna cikinsa, ta ce, "Oga, yaushe ka bari?" Ya faɗa mata.

A waje ta yi mini bayani. Injin ya tashi kamar yadda ta ce, cutar ta cika jini, sai sojojin jiki suka farga suka shiga ƙone duk ofishin da suka samu takardar a ciki. Jikinsa ne da kansa ke cin hantarsa. "Mun mayar da shi kan magani yau," ta ce. "Amma magani yana son lokaci. Yanzu tsere ne, ko magani ya riga, ko hanta ya gaji."

Mako na uku cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka yi suntum. Masu dubiya kuwa kowa da takardar likitansa a baki. Wannan ya ce rake, wancan ya ce a hana shi mai da nama, wata ta ce nonon raƙumi, wani ya ce sammu ne daga ofis don an ga zai samu ƙarin girma. Na koyi cewa to, in ajiye a gefe. Ranar da ban iya cewa to ba ita ce wadda na sunkuya ɗauko tasa na ga fulas a ƙarƙashin gado, na buɗe na ji warin nan. Na ɗauka na fita baranda, na tsiyaye shi a kwata a gaban Yaya Lawal, ban bar ɗigo ba. Tun da na shigo gidansu ban taɓa ɗaga masa ido ba sai ran nan.

Amma ba zan zalunce shi ba. Yaya ne ke ɗaga Mansur ya kai shi banɗaki, shi ke goge masa jiki, shi ya goya shi a baya ya hau da shi bene ranar da na'urar hawa ta lalace za a ɗauki hoto. Ya bar aikinsa har ogansa ya fara ƙorafi. Son ƙaninsa ne ya kai shi Tungan Maje, wannan na sani, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo. 'Yan ofis ma sun yi karo-karo sun kawo, har da mai ƙoshin nan, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa yana share ido. Akwai wata nas da ke barin aikinta ta zo ta nemo jijiya a hannunsa a hankali in sauran sun gaza, Allah ya saka mata. Sai dai komai kai za ka sayo, daga safar hannu har ruwan ƙari, a ba ka takarda ka tsallaka titi da gudu, ka dawo a ce ba wannan ba. Sakamakon gwajin safe sai gobe. Motarmu a wannan makon muka sayar da ita.

A mako na huɗu kansa ya fara juyewa. Ya yi ta barci da rana, in ya farka ya kira ni da sunan masinjan ofishinsu, ya ce in kai fayil sama. In ya miƙa hannu sai ka ga tafin yana karkaɗawa shi kaɗai. Likitar ta ce gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta kai kai. Ta ce cutar ta fara sauka a jini, maganin yana aiki, amma hantar ba ta farfaɗowa, abin da ya rage sai dashe, shi kuma sai a ƙasar waje. Aka rubuta wa ma'aikatarsu neman taimako. Takardar tana tafiya daga tebur zuwa tebur, ni ina zaune ina ƙirga numfashinsa.

Wata safiya ya farka garau, ya gane ni, har ya tambayi ko yara sun tafi makaranta. Na ji sanyi a raina, na ce ko maganin ne ya riga. Ya riƙe hannuna ya ce, "Saudatu, kin yi gaskiya, ki yafe mini." Na ce ya bar wannan maganar. Ya ce, "A'a, saurara. Shaidar nan da na yi wa Malam a rakoda. Ki ce wa Yaya ya je ya sa a goge. Kada wani ya ji muryata ya bar maganinsa." Na ce za a yi. Bai ƙara magana mai ma'ana ba. Ran Alhamis bayan azahar ya cika, ni da Yaya muna kansa.

Bayan an share makoki Yaya ya tafi Tungan Maje. Malam ya yi masa ta'aziyya, ya ce kwana ne ya ƙare, kuma da ma bai kamata a mayar da shi kan maganin asibiti ba bayan ya sha ta rufewa. Batun murya kuwa, ya ce an riga an kwafe ta an raba wa motocinsa da ke yawon talla, amma zai sa a cire. Daga can Yaya bai zarce gida ba, asibiti ya wuce ya miƙa hannu aka auna. Yana da shi. Yau yana bin layin nan da ya raina, kuma bai taɓa fashin ƙwayarsa ba.

Na fita takaba, na koma aiki, na ɗauka maganar ta wuce. Sai ranar da na shiga kasuwar Masaka sayen kayan miya. Ina tsugune ina zaɓen tattasai na ji an yi sallama daga bayana, da ƙarfi, ta lasifika. Tattasan ya zube daga hannuna.

"Assalamu alaikum jama'a. Sunana Mansur, ma'aikacin gwamnati ne ni a Abuja. Na yi fama da ciwon hanta, asibiti suka ce ba ya warkewa, sai dai in sha magani har in mutu. Na sha maganin Malam, aka auna aka ce babu. Yau na yar da ƙwayar asibiti, ga ni garau, alhamdu lillahi."

Har da 'yar dariyar nan tasa a ƙarshe. Wata tsohuwar mota ce a bakin titi, lasifika a kanta, jarkoki jere a but. Ya kamata in ruga in sa a kashe, amma ban je ba. Ba ni da muryarsa a ko'ina, ko a waya. Na tsaya na saurare shi har ya gama, ina kuka a tsakiyar kasuwa.

Da na matsa kusa, akwai wata mata a gaban mai sayarwar, da mijinta a gefe, ramamme, riƙe da ledar asibiti. Na kama hannunta.

"Baiwar Allah, wannan da kike ji mijina ne. Ya rasu. Barin maganin asibiti ne ya kashe shi. Don Allah kada mijinki ya bari."

Mai sayarwar ya ce, "Hajiya, ki matsa mana, kina tare hanya." Ya murɗa lasifikar ta ƙara ƙarfi, kaset ya zagayo, Mansur ya sake yin sallama. Matar ta dube ni, mace a hargitse da hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ɗaga kai ta dubi inda muryar ke fitowa, muryar mutum mai lafiya da natsuwa. Ta zare hannunta a hankali, ta karɓi jarkar, suka wuce.

Muryarsa ta fi tawa ƙarfi, shi ya sa na zauna na rubuta. Ban san motoci nawa ke yawo da ita ba, ban san kasuwannin da ta kai ba. In ka ji ta a Masaka ko Zuba ko wani wuri, mai sallama da dariya yana cewa ya warke, ka sani ni na rufe masa ido da hannuna. Waccan maganar ya yi ta ne yana ganin ya tsira. Ta ƙarshen a kunnena ya faɗe ta, babu lasifika, kuma ita ya bar ni in isar: kada ka bar maganinka.